'Yata na karanta addinin Buddha a makaranta, kuma ban cire ta daga ajin ba

Wata Lahadi ce da daddare, ina falo ina kallon ƙwallo da ido ɗaya, sai na jiyo babbar 'yata a kicin tana maimaita wasu kalmomi da irin muryar nan ta hadda, kamar yadda muke rera karatun allo muna yara: dukkha, anicca, anatta, dukkha, anicca, anatta. Na ɗauka Faransanci ne. Da na leƙa sai na ga ta baza 'yan katuna a kan tebur, ɗaya da zanen wata taya mai sanduna takwas, ɗaya kuma hoton mutum-mutumi ne zaune ya harɗe ƙafa ido a lumshe. Maman yara ce ta riga ni magana, ta ajiye ludayi ta ce innalillahi, gunki a kan teburin da muke cin abinci? Yarinya ta ɗago ta ce haba Umma, gwaji ne fa da ni ran Laraba, RE ne, wato darasin addini.

Washegari na yi kuskuren da na saba yi, na jefa maganar a guruf ɗinmu na WhatsApp na Hausawan garin, wani gari ne a arewacin Ingila, ba mu da yawa amma muna da baki. Kafin la'asar waya ta ɗau zafi. Wani Alhaji dattijo da muke girmamawa, wanda ya riga mu zuwa ƙasar nan da kusan shekara ashirin, ya turo saƙon murya na minti bakwai, taƙaitaccensa shi ne Malam ka cire yarinyar nan tun wuri, doka ta ba ka dama, wasiƙa ɗaya ce kawai za ka rubuta wa shugaban makaranta. Wani ya ce mu dai abinci muka zo nema ba sayar da imanin 'ya'yanmu ba. Wata baiwar Allah ta ce ita tun daga firamare ta cire nata.

To ni ban cire ta ba. Kuma a ganina yawancinmu bai kamata mu cire ba, duk da cewa ina da ƙorafi a kan darasin nan, ƙorafi mai yawa ma, sai dai ba a wurin da mutanen guruf suke nuna yatsa yake ba.

Alhajin bai yi ƙarya ba kan batun doka. Tun dokar ilimi ta 1944 aka wajabta darasin addini a makarantun gwamnati na Ingila, kuma a cikin dokar aka bar wa iyaye ƙofar cire ɗansu in sun ga dama, ba sai sun ba da dalili ba. Dokar 1988 ta zo ta ce manhajar ta nuna cewa galibin al'adar addinin Birtaniya ta Kiristanci ce, amma a kula da koyarwar sauran manyan addinan da ke ƙasar. Wani abin mamaki, darasin dole ne amma ba gwamnatin tsakiya ke rubuta manhajarsa kamar lissafi ko kimiyya ba, kowace ƙaramar hukuma tana da kwamitinta da suke kira SACRE, akwai mutanen coci, akwai wakilan sauran addinai har da na masallatai, akwai ticoci da kansiloli, shi ya sa abin da yaro ke karantawa a wannan gari ba lallai ya zama na wancan ba. A Wales ma tun 2022 suka fara sabuwar manhajar da ta rufe ƙofar cirewar gaba ɗaya. Sannan in yaro ya kai shekara 14 zuwa 16 ya shiga karatun GCSE, wato kamar WAEC ɗinmu, in zai rubuta jarabawar darasin addini, tun 2016 ƙa'ida ta zama dole ya karanta addini biyu, ba ɗaya ba, kuma makaranta ce ke zaɓa ba kai ba. Tasu makarantar ta zaɓi Kiristanci da addinin Buddha. Akwai kuma takarda ta biyu a jarabawar hukumar AQA da suke rubutawa, ita kan batutuwan rayuwa ce, aure da iyali, yaƙi da zaman lafiya, laifi da hukunci, da sauransu.

Abin da ya fara rikita mu mu da muka taso a Najeriya shi ne sunan. Da an ce darasin addini sai IRK ya faɗo mana a rai, malami da rawani ko hula yana koya maka farillan alwala don ka je ka yi, yana gaya maka gaskiya don ka yarda. Nan ba haka abin yake ba. Na zauna na karanta littafin yarinyar nan daga bango zuwa bango a cikin dare uku, kusan kowace jimla da "mabiya Buddha sun yi imani da cewa" ko "wasu Kiristoci na ganin" take farawa. Babu maki ko ɗaya da ake ba ka don ka yarda da abu. Makin na wanda ya iya faɗin abin da mutanen suka yarda da shi daidai ne, ya kawo hujjarsu daga littafinsu, ba tare da ya yi musu ƙage ba.

Kuma gaskiya ni kaina na ƙaru, ba kunya a faɗa. Ina da shekara arba'in da 'yan kai amma iyakar sanina da Buddha shi ne finafinan 'yan kung fu da mutum-mutumin nan mai ƙaton ciki da ake ajiyewa a gidajen abincin 'yan Chana, wanda ashe ma ba shi ba ne, wani ne daban. Na asalin ɗan sarki ne, Siddhartha Gautama, an haife shi a Lumbini da ke cikin Nepal ta yau, kusan shekara 500 kafin Annabi Isa alaihissalam. Labarin da suke bayarwa shi ne ubansa ya killace shi a fada don kada ya ga wahala, ranar da ya fita ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga gawa, ya ga wani mai gudun duniya, daga nan ya bar mulki da mata da ɗa ya shiga neman dalilin wahalar ɗan Adam. Amsar da ya zo da ita ita ce kwaɗayi da maƙale wa abin da ba ya ɗorewa. Waccan dukkha da yarinya ke haddacewa wahala ke nan, anicca rashin ɗorewar komai. Suna da alkawura biyar na mabiyi: kada ka kashe mai rai, kada ka ɗau abin da ba a ba ka ba, kada ka yi lalata, kada ka yi ƙarya, kada ka sha abin maye. Da na karanta wa maman yara wannan sai ta taɓe baki ta ce to ai wannan ko malamin islamiyya abin da zai faɗa ke nan.

Sai dai a shafi na gaba hanya ta rabu, rabuwa kuwa ba ƙarama ba. Babu mahalicci a tsarinsu. Babu rai mai ɗorewa, ita ce anatta ɗin, amma kuma ana sake haihuwar mutum har sai ya kai ga nibbana. A nan ne abin da ya sa na yanke shawara ya faru. Muna mota za mu sayo cefane, shiru shiru sai yarinyar ta ce Abba, to in babu rai, wa ake sake haifa? Na ce ki tambayi malamarku. Ta ce na tambaya, ta ce kamar kyandir ne da aka kunna daga wani kyandir, amma ni bai zauna min ba. Can kuma ta ce to mu ruhi ina yake zama bayan an mutu kafin tashin ƙiyama, kuma yana jin lokaci na wucewa? Wallahi na buɗe baki na rufe. Na san kalmar barzahu, na san akwai tambayar kabari, amma bayanin da zai ƙosar da 'yar shekara 15 da aka koya wa cewa kowace magana sai da hujja, ba ni da shi. Sai da na kira wani malaminmu a Zariya muka yi kusan awa ɗaya a waya, ita na gefe tana rubutawa. Shekara nawa yarinyar nan tana zuwa islamiyyar Asabar da Lahadi, ta haddace izu kaza, ba ta taɓa yi min tambaya ɗaya a kan aƙida ba sai da ta ci karo da mutanen da suka ce babu rai.

Kuma wannan karatun ba baƙo ba ne a wurinmu, mu ne muka manta. Al-Biruni ya koyi yaren Sanskrit ya rubuta littafi sukutum kan addini da ilimin mutanen Indiya wajejen shekarar 1030, yana kawo maganarsu yadda suka faɗe ta. Shahrastani da ya rasu a 1153 ya rubuta Al-Milal wan-Nihal, ya jero addinai da ɗariƙu har da mabiya Buddha a ciki, kuma har gobe ana karanta shi a jami'o'in Musulunci. Su kansu Baramika, waziran Haruna Rashid, kakanninsu masu kula da gidan ibadar Buddha ne a Balkh kafin su musulunta. Ba wanda ya ce waɗannan malamai sun yi ridda don sun san abin da wasu suka yi imani da shi. Wanda kuma ya dage cewa shi a wurinsa duk wannan sharri ne tsagwaronsa, to ga sahabi Huzaifa bin Yaman nan, shi ya ce mutane na tambayar Manzon Allah (SAW) game da alheri shi kuwa yana tambaya game da sharri don gudun kada ya riske shi. Ta kowace ƙofa ka shigo dai sani ya fi.

Na san za a ce su malamai ne manya, ita kuwa yarinya ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan magana ce mai nauyi ban raina ta ba. Amma ina so in faɗi yadda nawa iccen ya tanƙwaru. A jihar Kaduna na yi sakandare, ajinmu kusan rabi da rabi ne. In aka kaɗa ƙararrawar darasin addini sai aji ya dare biyu, mu 'yan IRK mu zauna a ciki, 'yan CRK su kwashi bencinsu su tafi gindin dalbejiya. Shekara shida ina benci ɗaya da wani yaro daga kudancin jihar, muna cin ƙosai tare, yana kwafar lissafina ina kwafar Turancinsa, amma har muka gama ni na ɗauka su alloli uku suke bauta wa, Allah da Maryamu da Isa, shi kuma sai daga baya muna manya yake gaya min ya ɗauka mu wata muke bauta wa tunda shi ne a saman masallaci kuma shi muke leƙe kafin azumi. Muka yi ta dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don mu biyun mun ga rikicin shekarar 2000, mun ga yadda garin Kaduna ya rabe, kogi ya zama iyaka, kowa ya koma ɓangaren da masu irin sallarsa suke. Ba na cewa darasin minti arba'in zai hana abin da siyasa da talauci da tsohuwar gaba suka haɗu suka dafa, ni ba yaro ba ne. Ina dai cewa wanda ba ka san komai a kansa ba, duk abin da aka faɗa maka a kansa zai zauna.

Yanzu ga inda nake ganin mutanen guruf sun bar jaki suna dukan taiki. Hoton Buddha ne ya tayar da hankalin kowa saboda ido na ganinsa, amma ni ba na jin akwai ɗan Bahaushe ɗaya a Ingila da zai aske kai ya ɗaura mayafin ruwan goro saboda ya karanta wannan babin. Babin da ya hana ni barci shi ne na aure da iyali, wanda ba wanda ya yi maganarsa a guruf tunda babu hoto.

A nan ake koya musu me Kiristoci suka ce kan aure, saki, zaman dadiro, tsarin iyali, auren jinsi, matsayin mace da namiji a gida. Farko dai na sha mamakin yadda Kiristocin kansu suka rarrabu, mu da muke musu kuɗin goro. Katolika a wurinsu aure ibada ce da ba ta warwaruwa, suna kafa hujja da maganar da ke cikin Linjilar Markus cewa abin da Allah ya gama kada mutum ya raba, babu saki sai dai coci ta bincika ta ce tun asali auren bai ƙullu ba, kuma Fafaroma Paul na shida a 1968 ya jaddada haramcin magungunan hana ɗaukar ciki. Cocin Ingila kuwa tun taron bishop-bishop na Lambeth a 1930 ta sassauta kan tsarin iyali, a 2002 ta yarda wanda ya yi saki ya sake aure a coci in limamin cocin ya ga dacewar haka, a 2023 kuma majalisarta ta amince a yi wa masu zaman jinsi ɗaya addu'ar albarka, abin da Cocin Angilika ta Najeriya ta ƙi amincewa da shi ƙememe. Akwai wata nas da muke aiki tare, 'yar Filato ce, ɗanta na aji ɗaya da 'yata, ranar da muka yi hirar nan a ɗakin shan shayi ta fi ni kumfar baki, ta ce Malam wannan ba Kiristancin da uwata ta koya min ba ne. Sai na ga ashe a wannan babin ni da ita layi ɗaya muke, mu da a gida da an raba mu an kai ta gindin dalbejiya.

To matsalar ba a bayanan take ba, bayanan gaskiya ne, haka cocin suke. Matsalar a muryar da ke ƙarƙashin bayanan take. Kusan kullum jerin iri ɗaya ne, a fara da "masu ra'ayin gargajiya", a rufe da "masu ra'ayin zamani", kuma yaro ba wawa ba ne, ya san wanda aka ajiye a ƙarshe shi ne ake so a tafa wa. Ba wanda zai ce masa addininka ƙarya ne, a'a, sun fi ƙarfin haka. A hankali dai yake shaƙar cewa addinai kamar kaya ne a kan kantar shago, kowa ya ɗau wanda ya yi masa, kuma duk hukuncin da ya yi tsauri saura kaɗan ne shi ma ya waye. Wannan shi kansa aƙida ce, ta ƙasar da a ƙidayar 2021 kashi 37 cikin 100 na mutanen Ingila da Wales suka ce ba su da addini, Kiristoci kuma a karon farko suka gaza rabi, kashi 46. Ita ce aƙidar da ba a rubuta sunanta a jikin littafin ba.

Ranar da suka zo kan auren mace fiye da ɗaya, yana cikin manhajar, yarinyar ta dawo gida ba walwala. Da ƙyar ta faɗa. Wai da aka ambata sai aji ya fashe da dariya, wani yaro ya yi wata shaƙiyyar magana, malamar ta tsawatar amma ita ma da murmushi a bakinta. Ita kuwa kakanta, mahaifina, mata uku ya bari, kuma ta san su duka, Hajiya Babba ce ma ta yi mata kitso zuwanmu na ƙarshe. Ta ce Abba na yi shiru, kamar na ci amanarsu. Ranar na kusa rubuta wasiƙar Alhaji, na ma buɗe kwamfuta. Abin da ya tsayar da ni tambaya ɗaya ce, in na cire ta daga wannan ajin, daga ina kuma zan cire ta? Dariyar nan tana ajin adabin Turanci, tana filin wasa, tana cikin bas, tana TikTok. Akwai ma wani darasin daban na zamantakewa da aka wajabta tun 2020, wanda ɓangaren jima'i kawai iyaye ke iya cire yaro, shi ma zuwa wani shekaru, kuma duk mun ga zanga-zangar da iyaye Musulmi suka yi a ƙofar wasu firamare a Birmingham a 2019 kan irin waɗannan batutuwa, daga ƙarshe ba ta hana darasin tafiya ba. A duk makarantar nan, ajin RE ne kaɗai wurin da in ka ce "addinina ya ce" ake ɗaukarsa a matsayin hujjar da za a rubuta a ba ta maki. In na cire ta daga nan, na cire ta daga ɗaki ɗaya tilo da aka yarda ta yi magana a matsayin mai imani, na bar ta a sauran da ba a yarda ba. Gudun gara ke nan a faɗa gidan zago.

Maimakon wasiƙa sai muka zauna. Na gaya mata abin da na sani na gidanmu, daɗinsa da ɗacinsa, ban ɓoye mata kishi da rigingimun da na gani da idona ba don in na ɓoye za ta gano, na gaya mata sharaɗin adalci da ke cikin Suratun Nisa'i da yadda maza da yawa ke karanta rabin ayar su tsallake rabi. Maman yara ta ƙara nata, wanda ba sai na kawo shi nan ba, ya dai fi nawa zafi.

Akwai babbar tambaya mai maki 12 a jarabawar, za a ba ka jimla ɗaya, misali a ce saki ba ya taɓa zama daidai, sai a ce ka auna ta, ka kawo hujjar masu goyon baya, ka kawo ta masu ja, ka ambaci koyarwar addini, sannan ka yanke hukunci da dalili. A taron iyaye da malamai, inda ake ba kowa minti biyar a babban zaure kamar layin asibiti, na tambayi malamar ko yarinya na iya kawo Musulunci a wannan takardar tunda ba shi suke karantawa ba. Ta ce sosai ma. Tun daga nan 'yata ke shigar da idda da khul'i da sulhun dangin miji da na mata a cikin amsoshinta, kuma dole ta je ta binciko su da kanta don malamar ba ta san su ba.

Wannan rashin sanin shi ne ƙorafina na biyu. A shekarar farko wanda ya koya musu darasin ticar labarin ƙasa ne aka ce ya riƙe, mutumin kirki amma shafi ɗaya yake gaban yaran. Ba makarantarsu kaɗai ba ce, hukumar Ofsted mai duba makarantu ta fitar da rahoto a 2024 ta ce a wurare da yawa darasin sama-sama ake yinsa, a taɓa nan a taɓa can yaro ya fita bai riƙe komai ba. Kuma har yanzu ina tambayar kaina me ya sa Buddha. Musulmi kashi 6.5 ne a waccan ƙidayar, kusan miliyan 4, mabiya Buddha rabin kashi ɗaya, a ajin 'yata babu ko ɗaya. Zargina, kuma zargi ne kawai, shi ne ya fi sauƙi, babu uban da zai zo bakin get gobe da safe ya ce an faɗi addininsa ba daidai ba. Bayan abin da ya faru a Batley a 2021, inda wani malamin RE ya nuna zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) a aji, gari ya ɗau zafi har malamin ya ɓuya, ticoci da yawa tsoron taɓa Musulunci suke, mu kuma iyaye tsoron su taɓa muke, kowa na tsoron kowa.

Sannan Buddhan da ake koya musu an wanke shi tas an goge, daga zaman shiru sai tausayin ƙwari. Yarinyar ce da kanta ta ɗaga hannu ta ce to Rohingya fa? Mutum sama da 700,000 suka tsere daga Myanmar zuwa Bangladesh a 2017, kuma akwai masu mayafin ruwan goro irin su Wirathu da suka yi shekaru suna hura wutar ƙin Musulmi. Da ta ba ni labari na ce mata kin yi daidai da kika tambaya, amma ki riƙe ɗaya, yadda ba ki yarda a auna Musulunci da Shekau ba haka ba za ki auna su da Wirathu ba. Abin da nake nema a wurin makaranta mudu ɗaya ne kawai. Ba zai yiwu in an zo kanmu a fara da jihadi da ta'addanci, in an zo kansu a fara da furen kan ruwa a ƙare da shi ba.

Akwai inda na ja layi kuma ban ji kunya ba. Da aka turo takardar za a kai su ziyara gidan ibadar Buddha, na sa hannu, amma na rubuta a ƙasa cewa za ta shiga, za ta cire takalmi don wannan ladabi ne mu ma muna nema a masallacinmu, za ta saurara ta yi tambaya, amma ba za ta rusuna wa mutum-mutumi ba, ba za ta kunna turare ko ajiye fure ba, kuma in an ce a rufe ido a yi zaman tunani irin nasu za ta koma gefe. Kallon ibada daban, yin ta daban. Malamar ta amsa da layi biyu ta ce ba matsala, dama ba a tilasta wa kowa. Sau da yawa abin da muke ta kumfa a kansa a guruf, imel ɗaya cikin ladabi ke kashe shi, amma mu mun fi gane wa saƙon murya na minti bakwai.

Wani ɗan uwa daga gida ya tambaye ni ko ina nufin a kawo irin wannan Najeriya. Ba yadda yake ba, gaskiya. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi karatun addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba, kuma mun ga ƙurar da ta tashi a 2017 kan kawai an cusa IRK da CRK ƙarƙashin inuwar darasi ɗaya, CAN ta ce ana so a shafe Kiristanci, sai da ministan ilimi na lokacin Adamu Adamu ya ce a raba su kowa ya tsaya da ƙafarsa. Ƙasar da ba a yarda da juna kan sunan darasi ba, ina za a samo malamin da zai tsaya gaban aji ya faɗi aƙidar ɗaya ɓangaren ba tare da ya saka yaji ba? A ɓangarorin biyu fa nake nufi. IRK da CRK su zauna yadda suke. Amma da za a sami ko zango ɗaya a babbar sakandare, malamin IRK da na CRK su shigo aji tare, kowa ya faɗi nasa da bakinsa ɗayan na tsaye yana ji, yara su yi tambaya, da wani yaron bai kai shekara talatin yana zaton maƙwabcinsa wata yake bauta wa ba.

Alhaji har yanzu bai gamsu ba, mun haɗu a masallacin Juma'a ya riƙe hannuna ya ce Malam ina dai jiye maka, na ce Alhaji a ci gaba da sa mu a addu'a. Nasa autan a laburare yake zama in ana darasin. Maman yara kuma ta kafa dokarta, katin mai hoto ba ya kwana a kan teburin abinci kuma ba ya shiga ɗakin da ake sallah, yana cikin jaka an kife shi. Satin da ya wuce aka dawo musu da gwajin tambayar sakin nan, ta ci 9 cikin 12, malamar ta rubuta da jan biro cewa ɓangaren Musulunci ya yi ƙarfi amma ba ta yi wa hujjar Katolika adalci ba, ta faɗe ta a layi biyu kamar mai jin haushinta. Yarinya na ta ƙunƙuni wai ita ta ina za ta kare abin da ba ta yarda da shi ba. Uwar na wanke-wanke tana jin mu, can ta goge hannu da zani ta jawo kujera ta ce miƙo takardar nan in gani, mutanen da suka ce namiji ba shi da ikon korar mace don ya tashi da fushi da safe, ai ko ni ina da abin da zan ƙara musu.